Ƙara girman turbo da intakula a tsohuwar Golf 4 mai injin 1.8T: daga ina ake farawa?

MaiGolf4:

Assalamu alaikum, masana. Ina neman shawararku a kan Golf 4 ƙirar 2001, injin 1.8T mai lamba AUM, doki 150, giyar hannu mai biyar, ta ci kilomita 240,000. Turbon da ta zo da shi, K03s, ya fara yin fito idan an taka totur, kuma idan ta daɗe a silo sai ta saki shuɗin hayaƙi da zarar an ja. Baƙin mai yana raguwa kusan rabin lita a kilomita dubu. Tunda dai sauke turbon ya zama dole, ina tunanin kada in mayar da irinsa, in sa wanda ya fi shi girma, in kuma cire ƙaramar intakular gefe, wato na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ya matse kafin ta shiga injin, in sa babba a gaba. Burina doki 230 zuwa 240, kuma motar hawan kullum ce, ba ta tsere ba. Wane turbo ya dace, K04-001 ko K04-023? Intakular wane girma? Dole ne sai an taɓa birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin? Me kuma zai iya karyewa? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Makaniki:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka saka kuɗi a turbo, ka fara tabbatar da cewa turbon ne mai laifin. Shuɗin hayaƙi bayan dogon silo abu uku ne ke kawo shi a wannan injin: ringin da ke tare mai a cikin turbo, sil ɗin bawul da suka bushe, ko kuma hanyar numfashin injin da ta toshe. Na ukun shi ne aka fi mantawa da shi. A ƙarƙashin manifol ɗin iska akwai tiyoyin roba da bawul da ke fitar da tururin mai daga cikin injin. Idan suka tsufa sukan fashe ko su toshe da dasƙararren mai, matsi ya taru a cikin injin, man da ke komawa daga turbo ya rasa hanyar sauka, sai ya bi ta bayan farfela ya fita da hayaƙi. Ka sa sabon turbo a kan wannan matsalar, cikin mako guda shi ma zai fara hayaƙi.

Ka cire babban tiyon da ke shiga bakin turbo, ka kama notin farfela da yatsa biyu. Idan yana ɗan motsi gefe da gefe amma fikafikan ba sa gogar jikin gidan, wannan ba komai ba ne, domin mai ne ke cike wannan tazarar idan injin na aiki. Amma idan ka ja shi ciki da waje ka ji yana wasa, ko ka ga bakin fikafikan ya goge yana sheƙi, to ya gama aiki.

Daga nan sai gwajin injin kansa. A auna kamfireshan da injin a zafi, totur a buɗe. Kowace silinda ta ba da bar 10 ko fiye (bar ma'aunin matsi ne), kuma kada bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni ya wuce kashi 10 cikin 100. Littafin kamfani ya yarda da tazarar da ta fi haka, amma wannan na motar da za a bari yadda take ne, ba wadda za a ninka wa matsin iska ba. Sannan a ɗaura geji na hannu a auna matsin baƙin mai: da man a digiri 80, injin yana juyi 2,000 a minti, kada ya sauka ƙasa da bar 2. Kar ka dogara da fitilar mai ta dashbod, domin kafin ta kama ɓarnar ta riga ta faru.

Abin da ya fi kashe turbo a 1.8T shi ne yunwar mai. Injin ne mai tara laka idan an daɗe ana zuba masa man da bai dace ba ko ana jinkirta sabis. A kwance botom filet, wato kwanon mai na ƙasan injin, a duba rariyar da famfon mai ke zuƙo mai ta cikinta. Sau da yawa za ka tarar rabinta ya toshe da baƙaƙen ƙwayoyi kamar garin gawayi. A canza ta gaba ɗaya da roban bakinta, ba wanki kawai ba. Siririn bututun ƙarfe da ke kai mai turbo kuwa yana bi ta kusa da manifol ɗin hayaƙi, zafi ya dafa man da ke cikinsa har ramin ya tsuke. Ba ya wankuwa yadda ya kamata, sabo ake sawa. Sandar turbo tana juyawa sama da sau 150,000 a minti, kuma a kan siririn shimfiɗin mai take yawo. Daƙiƙa kaɗan ba mai sun isa su cinye ta.

Taimin bel ma ka tambayi kanka yaushe aka canza. Idan ba ka da tabbas, a canza shi tare da tenshina da famfon ruwa. Injin nan idan bel ya tsinke fistin zai daki bawuloli, kuma ashirin ne a ciki.

Injiniyan Iska:

Abin da Baba ya faɗa shi ne tushe, ba ni da ƙari a kai. Zan yi magana a kan zaɓin turbo da intakula, domin a nan ne lissafi yake.

Da farko, AUM ɗinka ba ya amfani da duk abin da K03s ke iyawa. Kamfani yana tafiyar da shi a wajen bar 0.6. Injin AUQ mai doki 180 wannan turbon ne a jikinsa, bambancin yana cikin manhajar birenbos. Da lafiyayyen K03s, da intakula mai kyau, da bututun hayaƙi mai faɗi, da sabuwar manhaja, ana samun doki 200 zuwa 210. Ka riƙe wannan adadi, domin da shi za ka auna ko canjin ya cancanci wahalar.

K04-001 yana hawa kai tsaye a mazaunin tsohon. Manifol ɗaya, bututun mai da na ruwa ɗaya, bututun hayaƙi ɗaya. Sai dai abin da yake ƙarawa ba shi da yawa: yana tsayawa a wajen doki 220 zuwa 230, kuma gidansa na ɓangaren hayaƙi ƙarami ne, don haka idan aka matsa masa a sama zafi yake tarawa. K04-023 kuwa, wanda ke kan Audi S3 da TT mai doki 225, dabba ce daban. Yana iya kai ka doki 260 ba tare da ya galabaita ba, amma mazauninsa ba ɗaya ba ne da naka. Sai ka nemo manifol ɗinsa, bututun hayaƙinsa, bututun mai da na ruwa, tiyon shigar iska, da bututun da ke fita daga turbo. Mutane da yawa sukan sayi turbon shi kaɗai, sai an kwance mota su gano rabin kayan babu.

Ga motar hawan kullum mai burin 230, a ganina K04-001 na asali ko K03s da aka ƙara wa girman farfela ya wadatar. Abin da zan hana ka shi ne tsallakawa zuwa babban turbo irin GT28 don kawai an ce ya fi. Babban turbo yana bukatar hayaƙi mai yawa kafin ya farka. K03s ya cika matsinsa tun wajen 2,000, babba kuwa sai an kusa 3,500 ko an wuce. A cikin gari motar za ta zama mai nauyin tashi, sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya lokaci guda. Ka kuma guji turbon kwaikwayo da ba a san wanda ya ƙera ba. Matsalarsu daidaiton farfela ne, kuma idan fiffike ya karye a wannan gudun, injin ne ke haɗiye gutsattsarin.

Yanzu dalilin da ya sa intakula ta fi turbon muhimmanci. Duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Ɗauki ranar da zafin waje yake digiri 35. A bar 0.6, iskar da ke fita daga turbo tana kusan digiri 100. Ka ɗaga matsin zuwa bar 1.2, ta haura digiri 145. Idan kuma ƙaramin turbo ne aka tilasta masa wuce iyakarsa, ingancinsa ya faɗi, wannan bar 1.2 ɗin zai iya zuwa da digiri 165. Shi ya sa geji zai nuna matsi ya ƙaru amma motar ba ta ƙara komai ba. Iska mai zafi ba ta da nauyi, iskar oksijin da ke cikinta kaɗan ce, kuma ita ce ke sa fetur ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta gama cinye shi.

Intakular da ke cire kashi 60 na zafin da aka ƙara za ta miƙa wa injin iska a wajen digiri 79. Wadda ke cire kashi 80 za ta miƙa a wajen 57. Wannan tazarar ta digiri 22 daidai take da ƙarin nauyin iska kusan kashi 6 zuwa 7 cikin 100, ban da damar da take ba birenbos ya bar taimin wuta a inda ya fi ba da ƙarfi. Ta gefen da motar ta zo da ita ƙarama ce, tana ɓoye a bayan bamba gaban taya. Taka ɗaya za ta iya, amma a taka na biyu da na uku jikinta ya riga ya ɗauki zafi, ba ta da sauran inda za ta zuba shi.

Girman da ya dace da doki 230 zuwa 260 shi ne mai faɗin wajen milimita 550, tsayi 230, kauri 65. Ba a bukatar wadda ta cika gaban mota. Mai kaurin milimita 100 tana tare wa kwandansa da lagireto iska, sai ka magance zafin iska ka jawo obahitin. Kuma kashi na ƙarshe na kaurin ba ya aikin kirki, domin iskar waje ta riga ta ɗumama kafin ta kai can. Ka duba cikinta da fitila kafin ka saya. Idan hanyoyin ciki fayau suke ba ƙananan fikafikai, iska za ta wuce da zafinta. Idan kuma sun cushe da yawa, za ta riƙe matsi. Asarar matsi tsakanin shiga da fita kada ta wuce bar 0.1, domin duk abin da ya ɓace a nan turbo ne zai ƙara gudu ya biya, ya kuma ƙara zafi. Tankunan gefe su zama masu lanƙwasa a hankali, ba akwati mai kusurwa huɗu da aka liƙa wa bututu a gefe ɗaya ba, wanda ke tura duk iskar ta layuka uku na ƙasa ya bar na sama a banza.

Bututu milimita 57 zuwa 63 ya isa. Mai 76 ƙarin ɗaki ne kawai da turbo zai cika kafin injin ya ji komai. A taƙaita tsawonsa, a rage gwiwoyi. Kowane bakin bututu a yi masa leɓe, wato ɗan tudu zagaye, in ba haka ba tiyon zai zame a bar 1.2 komai ƙarfin ɗaurin. A yi amfani da tiyon silikon mai zare a ciki da kilif mai noti, a goge mai daga bakin kafin a ɗaura.

Abu biyu da ake yawan mantawa. Na ɗaya, sensar matsin iska a motarka a jikin tsohuwar intakular take, don haka sabon bututun dole ya zo da mazauninta, bayan intakula kafin totur. Na biyu, iska malalaciya ce, inda ya fi sauƙi take bi. Idan akwai rata tsakanin bamba da intakula, ko tsakanin intakula da kwandansa, ta gefe za ta zille. A toshe gefunan da faranti ko soso mai jure zafi. Ƙaramar intakula da aka killace da kyau tana doke babba da aka rataye kawai. Kuma don Allah kada a yanke ƙarfen kariya da ke bayan bamba don a samu wuri. Wannan ƙarfen ran mutum yake karewa.

MaiGolf4:

Na gode ƙwarai, Baba da Injiniya. An auna kamfireshan: 11.5, 11, 11.5, 11. Matsin mai bar 2.8 a 2,000. Farfelar tana wasa ciki da waje, kuma an tarar da tiyon numfashi ɗaya a fashe. Rariyar mai za a canza. Na tsaya a kan K04-001. Saura maganar birenbos da fetur. Wani ya ce in sa ɗan bawul na hannu mai ƙara matsi in bar manhajar yadda take, wai birenbos zai daidaita kansa. Gaskiya ne?

Mai Kwamfutar Mota:

Ɗan'uwa, kada ka bi wannan shawarar. Birenbos ɗin AUM, wato Bosch ME7.5, ba matsin iska yake bi kai tsaye ba, ƙarfin murɗawa yake lissafawa. Ka taka totur, ya ƙiyasta ƙarfin da kake nema, ya mayar da shi nauyin iska, sannan ya umarci bawul ɗin N75 ya riƙe ƙofar hayaƙin turbo gwargwadon haka. Idan ka sa bawul na hannu matsi ya wuce abin da ya nema, zai ɗauka wani abu ya lalace, ya rufe totur da kansa ko ya jefa motar cikin yanayin kariya, ta koma kamar ba turbo. Masu yaudarar sensa don su kauce wa wannan kuwa sun cire wa injin idonsa ne. Ko K04-001 da ke hawa kai tsaye yana bukatar manhajarsa, domin yadda yake amsa umarnin N75 ba irin na K03s ba ne. A kan tsohuwar manhaja matsin zai riƙa tsalle yana faɗowa.

Lissafin fetur kuma ga shi. Injin fetur mai turbo da ke ba da doki 230 a silinda huɗu yana bukatar nozul mai zuba wajen cc 390 a minti, idan ana so kada ya wuce kashi 85 na lokacinsa a buɗe. Nozul ɗin TT mai doki 225 cc 386 ne a bar 3, don haka su ne suka dace. Wasu sukan bar na asali su canza regileta, wato bawul ɗin da ke daidaita matsin fetur, daga bar 3 zuwa bar 4. Wannan ƙarin kashi 15 kawai yake bayarwa, ba kashi 33 ba kamar yadda ake zato, domin gudun mai ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da matsi. Kuma yana ɗora wa famfo kaya: regileta tana ƙara matsin mai daidai da matsin iska, to bar 4 da bar 1.2 ya zama famfon yana turawa a bar 5.2. Famfon tanki mai shekara sama da ashirin ba zai riƙe wannan a sama ba. A canza famfo da filtar mai, a auna matsin man da geji ana cikin tafiya da kaya, ba a silo ba. Duk nozul ko regiletar da aka sa, sai an rubuta shi a manhaja.

A nan zan ɗan saɓa wa masu tsoron yawan doki. Ba doki ke lanƙwasa konrod ɗin 1.8T ba, wato sandunan da ke haɗa fistin da kiranshaf, ƙarfin murɗawa ne lokacin da juyin injin yake ƙasa. Konrod na asali sukan fara shiga haɗari a wajen Nm 400 (Nm ma'aunin ƙarfin murɗawa ne), kuma ƙananan turbo irin K03s da K04-001 su ne suka fi iya kai su can, domin suna iya watso bar 1.5 tun a 2,500. A wannan gudun fistin yana tafiya a hankali, matsin wuta ya daɗe a kansa. Mai rubuta manhaja na kirki zai sa matsin ya hau a hankali, ya tsayar da ƙarfin a wajen Nm 320 zuwa 340, ya riƙe shi har sama. Motar da aka yi wa haka ba ta fizgar wuya kamar waccan, amma ta fi ta gudu a dogon zango kuma konrod ɗinta suna nan a miƙe. Ka faɗa masa ƙarara cewa cikin injin na asali ne. Ka kuma daina taka totur har ƙasa a giya ta biyar injin yana 1,800, ka sauko giya tukuna.

Bayan an rubuta manhaja, kada ka yarda da jin jiki kawai. A haɗa VCDS, wato manhajar kwamfuta da ke karanta bayanan birenbos rukuni-rukuni, a ɗauki bayanai a giya ta uku, daga 2,000 zuwa 6,500, totur a ƙasa, a wurin da aka tanada don gwaji. Rukuni na 115 zai nuna matsin da aka nema da wanda aka samu, su biyun su tafi tare. Ka tuna adadin ya haɗa da nauyin iskar duniya, don haka milibar 2,200 na nufin wajen bar 1.2, kuma sensar asali ba ta gani sama da 2,550. Rukuni na 020 yana nuna digiri nawa birenbos ya ja taimin baya a kowace silinda saboda ƙwanƙwasa, wato fashewar fetur da kansa. Sifili zuwa 3 lafiya, 6 iyaka ce, abin da ya wuce haka a rage taimin ko matsi. Rukuni na 031 na lamda ne, wato ma'aunin haɗin iska da fetur (ƙasa da 1 na nufin fetur ya rinjayi iska): da cikakken kaya ya sauka wajen 0.80 zuwa 0.82. Idan ya tsaya kusa da 0.9 a sama, a ɗaga ƙafa nan take, man bai isa ba, kuma haka fistin ke narkewa. Rukuni na 118 yana nuna zafin iskar shiga, a nan za ka ga ko intakular Injiniya ta yi aikinta. A yi taka uku a jere, idan zafin bai wuce na waje da digiri 20 zuwa 25 ba, an dace. Rukuni na 003 kuma yana ba da giram ɗin iska a daƙiƙa. Ka raba mafi girman adadin da 0.8, zai ba ka kusan dokin injin: giram 184 ke nan doki 230.

Tun kafin a kai ga wannan, a duba rukuni na 032. Idan gyaran da birenbos ke yi wa yawan fetur ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa, akwai yoyon iska ko eyafulo mita, wato sensar da ke auna iskar da ke shiga injin, ta gaji. Ba a rubuta manhaja a kan mita mai ƙarya.

Fulogi a koma masu sanyi da mataki ɗaya, irin NGK BKR7E, a tsuke bakinsu zuwa milimita 0.7, domin matsi mai yawa yana hure tartsatsin wuta idan bakin ya yi faɗi. Kwayil da suka tsufa a nan suke tona kansu. Bawul ɗin da ke sakin iska idan an ɗaga ƙafa kuma a bar shi mai mayar da ita cikin tiyon turbo. Wanda ke busar da ita waje don a ji ƙara bai dace da motar da ke da eyafulo mita ba: mitar ta riga ta ƙirga wannan iskar, birenbos ya zuba mata mai, sai man ya yi yawa a duk canjin giya. Na asali mai lamba da ke ƙarewa da 710N yana riƙe wannan matsin. Fetur kuma a faɗa wa mai manhaja ainihin oktan ɗin da za a riƙa sha, a kansa zai gina taimin.

Tsohon Makaniki:

Kamfireshan ɗinka ya yi kyau, Malam, injin zai ɗauka. Ga abin da ya rage na ranar ɗauri.

Notocin turbo da na manifol a jiƙa su da man kwance tsatsa tun daren jiya, domin sukan karye a ciki. Da an sauke, a duba manifol ɗin da kyau, yakan tsage a inda hanyoyi huɗun suka haɗu. Gasket da notoci da wasar tagulla duk sababbi. Kada a shafa gam ɗin silikon a bakin bututun mai, ɗan guntu ɗaya ya ɓalle ya toshe ramin shi ke nan. Bututun da ke mayar da mai ƙasa ba famfo ke tura shi ba, gangarowa yake da kansa, don haka a tabbatar bai lanƙwashe ba kuma cikinsa fes yake. K04 ba ya bukatar ɗan matsatsin da ake sa wa turbo mai boris a hanyar mai, kada wani ya sa maka.

Kafin a ɗaura bututun mai na sama, a ɗura sabon baƙin mai a ramin turbo, a juya farfela da yatsa ya ratsa. A zuba sabon mai 5W-40 na roba mai lambar VW 502 00, wajen lita huɗu da rabi, da sabuwar filta. A cire fis ɗin famfon fetur, a yi ta buga sitata daƙiƙa goma goma don mai ya kai turbo. Sannan a mayar da fis, a tayar, a bar ta a silo minti biyar ba rezin, ana duba yoyon mai da na ruwa. Sandar ƙofar hayaƙi kada a taɓa tsawonta, yadda ta zo a saite haka za a bar ta.

Duk tsohon bututun iska da za a mayar a wanke shi, domin mataccen turbo yakan bar mai da ɓarɓashin ƙarfe a ciki. Tiyon shigar turbo na asali roba ne mai laushi, idan turbo ya yi zuƙa da ƙarfi yakan shafe ya rufe hanya, a sa na silikon mai waya a ciki. Bututun hayaƙi na farko a faɗaɗa shi zuwa milimita 63 ko 76, shi ne ke rage zafin da ke taruwa a bayan turbo.

Bayan an gama haɗawa, a toshe bakin tiyon turbo da murfi mai bawul ɗin taya, a cire tiyon numfashi a toshe ramin, a buɗe murfin mai, a hura iska bar 1, a bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu. Duk inda ya yi kumfa a gyara. Yoyo ɗaya yana sa turbo ya yi gudun da ya wuce ƙima don ya cike gurbin.

Kulocin asali ba zai daɗe ba a Nm 330, za ka fara jin yana sulɓi a giya ta huɗu da ta biyar. Wanda aka saba sawa a wannan giyabos shi ne na VR6 mai milimita 228 da fulawil ɗin G60, sai dai za ka ɗan ji ƙarar giya a silo. Burkin gaba milimita 288 ne, a sa masa fad mai kyau da sabon man burki, in da hali a koma 312 irin na TT. Kilomita ɗari na farko a bi ta a hankali, a sake ɗaure kilif ɗin bayan ta yi zafi ta huce, a canza mai a kilomita 1,000, daga nan kuma kada ya wuce 7,500. Idan an yi gudu da ita, a bar ta minti ɗaya ko biyu a silo kafin a kashe, don kada man da ya tsaya a cikin turbo ya dahu.

MaiGolf4:

Allah ya ƙara basira, ya saka wa kowa da alheri. Zan fara da rariyar mai, tiyoyin numfashi da taimin bel, sannan turbo da intakula, a bar ta a ƙaramin matsi har famfo da nozul su iso. Da an ɗauki bayanan 020 da 115 da 118 zan kawo su ku duba.